Kumfar alama ta injin feshi tana narkewa kafin in juyo, ina matsalar take?

Manomi_Sabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da injin feshi mai fiffike, irin wanda tarakta ke ɗauka. Na hannu na saya, faɗin fiffikensa mita 12, kuma yana da na'urar nan mai zubar da kumfa a ƙarshen fiffike don mutum ya gane inda feshinsa ya tsaya. Tankin kumfar lita 20 ne, da ɗan kwamfuresa, wato injin hura iska, mai jan wuta daga batirin tarakta. Wanda ya sayar mini ya haɗa mini da ragowar maganin kumfa a jarka, sai dai takardar jikin jarkar ta goge, ba abin da ake iya karantawa sai suna. Jiya na gwada. Na tsiyaya maganin da ido, wajen rabin kofi, na cika tankin da ruwa. Kumfar da ke fitowa tsululu ce, tana faɗuwa ta baje kamar an tofa miyau, kafin in kai ƙarshen gona in juyo ta ɓace. Na ƙara magani, ta ɗan yi kauri, amma dai ba ta kai ba. Lita 20 na ruwa nawa ake zuba masa? Kuma akwai abin da ake ƙarawa don ta daɗe?

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga nawa za ka zuba, me ka fara zubawa a tankin, maganin ko ruwan?

Manomi_Sabo:
Maganin na fara zubawa Baba, sannan na sa tiyo na cika.

Tsohon_Direba:
To ka ga kuskure na farko. In ka fara zuba magani ka sakar masa ruwa da ƙarfi, tun a bakin tanki kumfa za ta tashi ta yi ambaliya. Kai kana ganin tanki ya cika, alhali rabinsa iska ce, kuma wani kaso na maganin ya bi kumfar ya zube ƙasa. Ruwa ake fara zubawa, kamar kashi biyu cikin uku na tankin, a zuba magani, a juya a hankali da sanda mai tsabta, sannan a ƙarasa cikawa bakin tiyon yana nutse cikin ruwan. Ni kam a jarka daban nake haɗa nawa, in jujjuya ta sannu-sannu, in juye ta mazurari mai rariya.

Mai_Lissafi:
Malam Sabo, "da ido" ɗin nan shi ne zai riƙa ba ka wahala, don gobe ko ta yi kyau ba za ka san me ka yi ba balle ka maimaita. Mu ɗauka kofin naka mai cin mililita 250 ne, rabinsa 125 ke nan. A lita 20, kowace lita ta samu mililita 6 da ɗan ɗori, wato kashi 1 na magani cikin 160 na ruwa. Akwai maganin da aka yi shi ya yi aiki a haka in ruwan mai kyau ne, amma wannan can ƙarshen tsinkewa ne. Ga yadda awon yake a tankinka: 1 cikin 100 shi ne mililita 200, 1 cikin 80 mililita 250, 1 cikin 50 kuma mililita 400. Tunda ba takarda, fara da 200, ka nemi kofin awo ko babban sirinji, ka riƙa rubuta abin da ka zuba. Kuma tunda sunan yana karantuwa, neme shi a intanet, za ka iya samun takardar.

Gwauron_Gona:
Duk wannan dogon turanci na mene ne? Matsa sabulun wanke-wanke na ruwa a ciki ka kama gabanka. Kumfa ai kumfa ce.

Bakanike_Audu:
Gwauro, kumfa ba kumfa ba ce wallahi. Na wanke-wanke yana tashi da kyau a kwano, amma ƙwayoyin kumfarsa manya ne, bangonsu siriri, da rana ta taɓa su sai su fashe. Maganin da aka yi don wannan aiki an haɗa shi da abubuwan da ke riƙe ruwa a jikin kumfar, shi ya sa take tsayawa curi guda kamar kumfar aski. In ka maƙale a tsakiyar aiki babu yadda za ka yi, to sabulun ruwa zai fitar da kai kunya a gajeriyar gona. Garin sabulu kuwa kada ma ka kusantar da shi, ba ya narkewa duka, guntayensa ne za su toshe maka matata da bawul, ranar nan ni za ka nema.

Gwauron_Gona:
Ai shi ya sa nake ba da shawarar, don ku samu aiki.

Malama_Kimiyya:
Ni tambayata ɗaya ce, ba wanda ya yi ta har yanzu. Malam Sabo, ruwan ina ka zuba?

Manomi_Sabo:
Na burtsatse ne Malama. Garau yake kuwa, shi muke sha.

Malama_Kimiyya:
Garau ɗinsa ba ya nuna komai a wannan fanni. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan biyo ta cikin duwatsu ya narkar da kalsiyam da magnesiyam ya taho da su, ido ba ya ganinsu. Su ne ke sa a ce ruwa ya yi nauyi. Abin da ke tayar da kumfa a cikin maganin dangin sabulu ne, su kuma waɗannan ma'adinai biyu kama shi suke su ɗaure, sai ya zama wani kaso na abin da ka zuba ya tafi a banza kafin ma iska ta taɓa shi. Shi ya sa da ka ƙara magani ka ga ɗan sauyi: na farkon ma'adinan suka cinye, na biyun ne ya fara aiki.

Alamominsa a gida ba su da wuyar ganewa. Tukunya ko butar da ake tafasa ruwan tana yin farin ɓawo a ciki? Sabulun wanka yana ƙin kumfa, ya bar wani dusa-dusa a bokiti? In haka ne, ruwanka mai nauyi ne. Masu awo suna ƙidaya shi da miligiram a lita: ƙasa da 60 mai laushi ne, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa mai nauyi ƙwarai.

Ga gwajin da ba ya cin komai. Samu gorunan roba biyu iri ɗaya, wankakku. Zuba ruwan burtsatsen a ɗaya zuwa rabi, ɗayar kuma ruwan sama ko tataccen ruwan da ake zuba wa batir. Ɗiga maganin daidai wa daida a kowace, ka girgiza su sau goma-goma, ka ajiye su gefe da gefe ka duba agogo. Gani ya kori ji.

Alhaji_Mai_Hekta:
Malama ta gama magana. Ni shekara biyu ina zagin masu yin maganin, na canza iri har uku, ashe rijiyata ce. Ranar da yarona ya cika tankin da ruwan sama da muka tara a duro, don kawai ya fi kusa da shi, sai ga kumfa tana zama kamar ƙwai a kan ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga nan duro guda na ware, da murfinsa, ba a taɓa shi sai don kumfa.

Dan_Koyo22:
Don Allah ku yi haƙuri da ni, ni sabon shiga ne. Kumfar nan a cikin babban tankin maganin ciyawa ake zuba ta?

Bakanike_Audu:
A'a ƙanena, kada ka soma. Tankinta daban, tiyonta daban, ba abin da ya haɗa ta da maganin feshi. A babban tanki ma kumfa abokiyar gaba ce, har magani ake zubawa don kashe ta. Kuma kada ka ɗebi ruwan babban tanki ka cika na kumfa da shi don ganin ya fi sauƙi.

Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda abin yake aiki, don Malam Sabo ya san irin nasa. Iri biyu ne aka fi gani. Na farko, kwamfuresa na hura iska cikin tankin, kumfar ta haɗu tun a jikin tankin ko a wani ɗan akwati kusa da shi, sannan ta bi ƙaton tiyo har ƙarshen fiffike. Na biyu, ƙananan tiyo biyu ne ke tafiya tare, ɗaya ruwa ɗaya iska, sai a can ƙarshen fiffike suke haɗuwa cikin wani kai mai soso ko raga a ciki, a nan kumfar ke samuwa ta taru a kofin roba, in ta yi nauyi ta faɗo. A irin na biyun akwai ɗan bawul da ake murɗawa don rage ruwa ko ƙara shi. In ka buɗe shi da yawa, ko da maganinka ya fi na kowa kyau, tsululu za ka gani. In ka matse shi da yawa kuma kumfar ta bushe ta yi shafal, iska ta kwashe ta ta kai gonar maƙwabci. Malam Sabo, duba fiffikenka ka gaya mana tiyo nawa ne.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: tankin nan yana da matsin iska a ciki. Kashe kwamfuresa, ka saki iskar, sannan ka buɗe murfi. Na ga wanda murfi ya fasa wa leɓe, maganin kuma ya shiga idonsa, yana da zafi ba kaɗan ba.

Manomi_Sabo:
Ƙanana biyu ne Malam Audu, ɗaya shuɗi ɗaya fari. Bawul ɗin ma na gan shi, a buɗe yake har ƙarshe. Ban taɓa shi ba, yadda na saya ke nan. Sunan maganin kuma na nema kamar yadda Mai_Lissafi ya ce, na samu takardar, amma da awon Amurka aka rubuta: oza 1 zuwa 2 a kowane galan.

Mai_Lissafi:
Madalla. Galan na Amurka lita 3.785 ne, ozar ruwa kuma mililita 29.6, oza 128 ke cika galan. Ke nan oza 1 a galan shi ne 1 cikin 128, wajen mililita 8 a lita, a tankinka kusan 156. Oza 2 kuma 1 cikin 64, kusan mililita 312 a lita 20. To ka ga 125 ɗin da ka zuba ko ƙaramin awon bai kai ba, ga ruwa mai nauyi, ga bawul a wangale. A kula, galan na Ingila daban ne, lita 4.546, kada wani ya ɗauki lissafin nan ya ɗora a kan jarkar da ta fito daga can.

Sarkin_Gardama:
Ni fa mamaki nake. A wannan zamani ana zaune ana muhawara kan kumfa. Ku sa GPS a tarakta ku huta. Ba haɗi, ba wanke tanki, ba ruwan sama, da dare ma ka yi feshinka.

Tsohon_Direba:
Ina da shi ɗana, kuma ina amfani da shi. Amma ranar da ka bi gefen manyan itatuwa sigina ya ɗauke, ko ka tafi cika tanki ka dawo ka tarar layin ya ɗan goce daga inda ka bari, za ka so ka ga farin abu a ƙasa. Kuma GPS tarakta yake bi, ba ƙarshen fiffike ba. A gangare, in injin ja ne, yakan zame gefe kaɗan, allon yana ce maka daidai kake, kumfa kuwa inda fiffiken ya wuce da gaske take nuna maka.

Sarkin_Gardama:
Kumfar ma ai iska na tura ta. Kuma kana tuƙi kana leƙen abu mita 6 daga inda kake zaune, wuya ya ƙage, ido ya yaudare ka. A fiffike mai mita 24 fa? Wa zai iya saita ƙarshensa da ido daga mita 12?

Alhaji_Mai_Hekta:
A nan kam ka yi gaskiya, in fiffike ya yi faɗi sosai ido ba ya iyawa. Amma mutumin nan nasa 12 ne, kuma na'urar tana jikin injin ya riga ya saya. A gyara masa abin da ke hannunsa tukuna.

Hajiya_Mai_Gona:
Ni ba na tuƙi, amma ni ke sayen maganin ciyawa, don haka maganar saiti ta shafe ni. Direbana kullum kan kumfar yake ɗora nozul na ƙarshe, wato bakin da ke fesa maganin, in ya juyo. Bara na lura da layi-layi a gonar inda shuka ta ɗan ƙone, tazararsu daidai da faɗin injin. Shi ya ce iri ne. Ni ban yarda ba.

Mai_Lissafi:
Hajiya, ki je ki auna inda kofin kumfar yake rataye. In fiffiken mita 12 ne mai tazarar santimita 50 tsakanin nozul da nozul, nozul 24 ke nan, kuma daga na farko zuwa na ƙarshe mita 11.5 ne, ba 12 ba. Ragowar rabin mitar shi ne santimita 25 a kowane gefe. In kofin yana santimita 25 waje da nozul na ƙarshe, to in an juyo kofi ake ɗorawa kan tsohuwar kumfa, shi ke nan an yi daidai. In kuwa kofin yana daf da nozul ɗin ne, ya kuma dawo ya ɗora nozul kan kumfar, to layin nan ya sha magani sau biyu, kuma kowane zagaye mita 11.5 yake ci maimakon 12. Asarar magani ke nan ta sama da kashi 4 cikin 100, ban da ƙunar shukar. A irin wannan sai ya bar rabin mita tsakanin nozul da kumfar, ko a matsar da kofin waje a huta.

Hajiya_Mai_Gona:
Allah ya saka da alheri. Gobe da tef zan je gonar, zai ga iri.

Dan_Koyo22:
Wane gefe ake kunnawa, hagu ko dama? Ko duka biyun?

Tsohon_Direba:
Gefen da ba a fesa ba tukuna. In kana kai da komo, wannan zuwan hagu ne, dawowa dama. Ka canza makunnin tun kana cikin juyawa, don kumfar takan ɗan jima kafin ta fara faɗowa a ɗaya gefen, in ka jira sai ka miƙe za ka bar farkon layi ba alama. Duka biyun sai in tsakiyar gona ka fara ratsawa.

Mu koma kan ta Malam Sabo. Ka ce tana ɓacewa kafin ka juyo. Tsawon gonar nawa ne, kuma da wane gudu kake tafiya?

Manomi_Sabo:
Wajen mita 500 ce Baba. Gudun kuma kilomita 6 a awa.

Tsohon_Direba:
To mita 100 ke nan a minti. Zuwa minti 5, dawowa minti 5. Curin da ka zubar a ƙarshen layi minti ɗaya kawai ake nema a wurinsa, amma wanda ka zubar a farkon layi sai ya yi minti 10 da ɗori yana jiranka. Wannan shi ne awonka. Ba sai ta yi awa ba. Ka zubar da curi uku a gefen gona a lokacin da za ka yi feshin, ka duba agogo, in sun wuce kwata suna tsaye to ka wadatu. In za ka tafi cika babban tanki kuwa kada ka dogara da ita, kafa sanda mai ƙyalle a inda ka tsaya.

Kuma yanayi yana da nasa. Rana mai zafi, busasshiyar iska, ƙasa a bushe tana tsotse ruwan kumfar ta ƙasa rana na cin ta ta sama, a nan sai ka hau awon sama na takardar, ka kuma bar curin ya yi girma, don babba ya fi ƙarami jimiri. Da sassafe da raɓa a ƙasa, ƙaramin awo ma ya isa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Bakanike_Audu:
Ƙari kan na Baba: ruwa mai sanyi ƙarara ba ya kumfa sosai. In ya kwana a waje lokacin sanyi, surka shi ya yi ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba. Shi ma maganin in sanyi ya kama shi yakan yi kauri ko ya rabu biyu a jarka, sai an ɗumama an girgiza kafin a auna. Masu zama inda ruwa ke daskarewa kuwa dole su zubar da komai daga tiyo da bawul kafin ajiya, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa su.

Gwauron_Gona:
To in ƙarin magani ke sa ta daɗe, a juye rabin jarkar mana a wuce wurin.

Malama_Kimiyya:
Yana da iyaka Malam Gwauro. In ka wuce wani mataki ba abin da ke ƙaruwa sai ɓarna, haɗin ya yi yauƙi, ya riƙa wucewa ta bawul da ƙyar, ya bar danƙo a soson. Gyara ruwan ya fi ƙara maganin amfani.

Manomi_Sabo:
Na dawo da rahoto. Gwajin gora na fara yi. Malama, kamar kin san rijiyar. Ta ruwan batir kumfa ta cika gorar har wuya, ta burtsatse kuwa ko rabin haka ba ta kai ba, kuma ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Sannan wani abin kunya: kofin da na auna maganin da shi ranar farko, shi ne wanda nake auna maganin kashe kumfa na babban tanki. Ban wanke shi ba.

Bakanike_Audu:
Inna lillahi! Malam Sabo, ai ka haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya. Wancan maganin ɗigo kaɗan ne ke kwantar da kumfar tanki guda. Haka mai, haka gas, haka giris, ko jarkar da ta taɓa ɗaukar su. Wanke tankin da ruwan ɗumi sau biyu ko uku, ka kunna na'urar ruwan ya bi ta tiyo duka gefen biyu. Kofin awon maganin kumfa kuma ka saya sabo ka yi masa alama.

Gwauron_Gona:
Ashe ni da sabuluna ma na fi wani.

Manomi_Sabo:
Na karɓa Gwauro. Na wanke komai kamar yadda aka ce, na samu ruwan sama wurin maƙwabcina, na zuba ruwa tukuna, sannan mililita 200, na rage bawul zuwa kusan rabi. Gefen hagu alhamdu lillahi, curi kamar dunƙulen hannu biyu, na duba agogo ya haura minti 20 yana nan. Amma na dama har yanzu ruwa-ruwa yake fitarwa, yana tofi yana tsayawa.

Bakanike_Audu:
Yauwa, yanzu magana ta fita daga haɗi ta koma ƙarfe. Tanki ɗaya ke ba su duka, in haɗin ne da duka biyun za su lalace. Bi tiyon iska na dama da hannu tun daga bawul har ƙarshe, musamman wurin da fiffike ke naɗewa, nan ne yake lanƙwashewa ko ya tsage. Shafa masa ruwan kumfar ka ga inda zai yi ƙwai. In lafiya yake, kwance kan da ke ƙarshen ka ciro soson. In an bar haɗi ya bushe a ciki yakan ƙandare, iska ta huda hanya ɗaya ta riƙa wucewa ba tare da ta gauraya da ruwan ba. In duk ba su ba ne, musanya tiyon hagu da na dama a wurin bawul ɗin lantarkin da ke kunna kowane gefe: in matsalar ta koma hagu, bawul ɗin ne.

Alhaji_Mai_Hekta:
A duba matatar iskar kwamfuresa ma. Ƙura ce abincinta. Da wayar da ke kawo masa wuta, in siririya ce ko ta yi tsatsa a baki, ƙarfinsa raguwa yake.

Sarkin_Gardama:
Soso, bawul, matata, waya, ruwan sama, kofi na musamman. Ni dai na faɗi tawa.

Hajiya_Mai_Gona:
Mun ji taka Malam. Na auna nawa, kofin daf da nozul yake, ko taƙi ɗaya babu tsakani. Direban ya ce haka ya gan shi. Wata tambayar: bayan girbi in ana feshi a kan tattakar kara, farar kumfa ba ta ganuwa sosai, komai fari-fari ne. Na ji ana sa mata launi.

Tsohon_Direba:
Ana sawa Hajiya, akwai rini na musamman da ake sayarwa don haka, ruwan hoda ko shuɗi, a kan busasshen kara ruwan hoda ya fi fitowa a idona. Kaɗan ake sawa, bayan an gama haɗa maganin. Yana kama hannu da riga, a sa safar hannu. Kada dai a ɗauko kowane irin fenti a zuba, mai mai a ciki kashe kumfar zai yi. A kan kara kuma a sauko da kofin ƙasa-ƙasa yadda curin zai zauna a sama, kada ya faɗo daga nesa ya tarwatse ya shige tsakanin karan.

Dan_Koyo22:
In haɗin ya ragu a tanki, ana iya barinsa zuwa wani satin?

Alhaji_Mai_Hekta:
Ni nakan haɗa da daddare in yi aiki da safe, ban taɓa ganin matsala ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakanike_Audu:
Kwana ɗaya ba komai Alhaji. Sati guda a rana kuwa ƙarfinsa raguwa yake, kuma shi ne ke ƙandarar da soson da muke magana. Haɗa iya na yini. In za a ajiye injin, a zubar da ragowar nesa da rafi ko kududdufi, a bi da ruwa mai tsabta. Kuma in za ka canza irin magani wanke tankin tukuna, wasu in suka haɗu kama jiki suke su yi kamar kunu.

Manomi_Sabo:
Malam Audu, soson ne. Na ciro shi ya yi tauri kamar busasshen ɓawo, da rami a tsakiya. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi ya ɗan saki, amma gefe ɗaya ya marmashe. Kafin in samu nasa na asali, in yanka soson wanke-wanke in cusa?

Bakanike_Audu:
Mai manyan ƙofofi irin wanda iska ke ratsawa, ba mai laushin nan da ke shan ruwa ya toshe ba. Hura shi da baki, in iska ta wuce ba wahala to zai yi na wucin gadi. Yanka shi daidai da tsohon, kada ka danna shi da ƙarfi.

Tsohon_Direba:
Ni na taɓa sa na roba mai kama da raga, ya kai ni ƙarshen damina. Amma gefen biyu ba za su yi kumfa iri ɗaya ba, in ka samu na asalin canza duka biyun tare.

Malama_Kimiyya:
Malam Sabo, saura maganar ruwa in na maƙwabcin ya ƙare. Akwai maganin laushin ruwa da ake sayarwa tare da na kumfar, akwai kuma maganin kumfa da aka yi musamman don ruwa mai nauyi. Tafasawa tana rage wani nau'in nauyin, shi ne farin ɓawon nan da ke kwanciya a tukunya, amma ba ta cire duka. Duk wanda ka zaɓa, maimaita gwajin gora kafin ka zuba a tanki.

Manomi_Sabo:
Na gode Malama. Lita 20 ɗin ta kai ni daga safe zuwa azahar da gefe ɗaya da rabi, don haka duro guda zai daɗe. Zan gwada tafasasshen a gora in gani. Soson kuma na yanka, da yamma in iska ta kwanta zan kunna na dama.

Gwauron_Gona:
In ya ƙi, sabuluna yana nan.